Shuɗin Zoɓon Bikin Fassuma

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar matata ba, ko da na so, don mutanen Arlit ba za su bar ni in manta ba. Har yau in na tsaya da moto a bakin kasuwa sai in ji wani daga nesa ya ƙwala kira, "Anzim! Zo ka kai ni Akokan!" Ni ne Anzim ɗin. Ba ubana ya raɗa mini sunan ba, ni na jawo wa kaina shi da bakina, a gaban surukaina, ga kuma mikron lasifika a hannuna.

Bari in faro daga tano, duron ruwan gidana, don daga can abin ya samo asali.

Ni tsohon ma'aikacin ramin uranium ne. Na yi shekaru ina sauka ƙarƙashin ƙasa a Akokan, da aka rufe ramin na koma kabu-kabu, ina ɗaukar fasinja a moto. Karatuna bai yi nisa ba (na bar lakwal tun ina rikita Faransanci da Hausa a jimla ɗaya), amma akwai abin da na fito da shi daga ramin nan na riƙe da kyau, shi ne tsoro. An rataya mana 'yar na'ura a ƙirji mai auna gubar uranium, an hana mu fita da ko ƙusa ɗaya daga wurin aiki. Na kuma ga tsofaffin da suka riga mu shiga, na ji irin tarin da suke yi a masallaci, tarin da ba ya ƙarewa. Duk wanda ya zauna garin nan ya san wannan tsoron, ko bai taɓa furta shi ba.

Duk da haka, da matata Balki ta dame ni da maganar abin tara ruwa saboda famfo na yawan ɗaukewa, wurin masu sayar da tsohon ƙarfe na nufa. Na samu wani tano, babban duron ƙarfe mai kauri, ba lotsawa ko ɗaya. Sai da na kai shi ƙofar gida na lura da sauran fenti da wasu lambobi a gindinsa, irin waɗanda idona ya saba gani a wurin aiki. Mai hankali da ya mayar. Ni kuwa sai na samu yashi na goge lambobin, na shafa masa koren fenti, na mirgina shi ciki.

"Ina ka samo wannan mai kyau haka?" in ji Balki.

"Na man girki ne, daga Aljeriya aka kawo shi."

Ko ƙiftawa ban yi ba. Na lallashi zuciyata da cewa ai ruwan sha a randa yake, na tano na wanki ne kawai da ban-ruwa.

Balki tana da ƙanwa, Fassuma, wadda ta yi karatun tsirrai a jami'a a Yamai. Tsakanina da ita wasa ne irin na miji da ƙanwar mata, ba ta raga mini, ba na raga mata. Anjiniya take kirana, wai don ina yawan ba da labarin rami kamar ni na haƙa shi. Bayan an sa ranar aurenta ta zo gidanmu da wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe a ƙulle cikin leda, suka duƙa ita da yayarta suna shukawa a gindin katanga.

"Mene ne wannan, Malama? Wake?"

"Dangin wake ne, Anjiniya. Kai dai naka ido."

A daidai wannan lokacin ne Allah ya ba Balki ciki, bayan shekarun da muka yi muna jira, muna zuwa asibiti, muna jin maganganun dangi. Ba sai na gaya maka yadda nake ji da cikin nan ba. In ta yi atishawa sai na tambaye ta ko lafiya.

Waken ya tsiro, ya kama katanga ya hau, kullum Balki na ɗibar ruwan tano tana ba shi. Wata safiya na fito zan tura moto waje, na ɗaga kai na dubi waken. Ya yi fure, furen kuma shuɗi ne.

Ni ɗan manoma ne, iyayena daga ƙasar Damagaram suka zo, na san furen wake tun ina yaro. Fari ne, ko ya ɗan yi ja-ja kaɗan. Wannan kuwa shuɗi ne shar, kamar an tsoma shi a bular wanki, da ɗan fari a tsakiya kamar ido yana kallona. Ban taɓa ganin fure mai wannan launi ba a rayuwata. Na dubi furen, na dubi tano. Na ce a raina shi ke nan, uranium ya shiga waken. In ya iya mai da furen wake haka, me yake yi wa matar da ke tsoma hannu cikin ruwan nan kullum? Me yake yi wa abin da ke cikinta?

Abin da ya kamata in yi a fili yake, in shiga ɗaki in ce, Balki, na yi miki ƙarya a kan tanon nan. Amma na tuna fuskarta, na tuna shekarun jira, na fasa. Sai na zaɓi hanyar matsorata. Kullum da na dawo sallar asuba sai in tsinke furannin in zuba a masai. Abin mamaki, ina tsinka suna ƙaruwa, kamar da gayya. Balki ta ɗora laifin a kan akuyar maƙwabta, har suka yi cacar baki da matar gidan ta saman katanga, ina zaune ina shan koko ban ce uffan ba. (An ɗaure akuyar nan da igiya a rana saboda ni. Allah ya yafe mini, ita ma ta yafe mini.)

Na huda tanon da ƙusa don ya yi yoyo a jefar da shi. Na dawo da yamma na tarar ta kira mai walda ya toshe, tana ta yaba aikinsa. Na ce ta daina wanki, ciki ya tsufa, ni zan riƙa yi. Ta dube ni ta ce, "Kai? Yaushe aka fara?" ta ci gaba da abinta. Na rame. Ina tuƙa moto ina ganin jariri shuɗi a gabana, har wata rana na wuce da wani Alhaji inda zai sauka, sai da ya dake ni a kafaɗa.

Daga baya na lura furannin na ɓacewa tun kafin in dawo masallaci. Na ɗauka Balki ce ta gaji da su take zubarwa, har na ji ɗan sanyi a raina. Ashe riga akuya take yi. Tsinkewa take ta kai gidan mahaifiyarsu, Hajiya, tana shanyawa a inuwa.

Ranar biki ta zo. Bayan la'asar mata sun cika gidan Hajiya, an kafa rumfa a tsakar gida, zabiya na waƙa da mikro, an ɗora lasifika a kan katanga ana ji har bakin titi inda maza ke zaune. Dangin ango sun zo daga Agadas, manyan mata cikin turkuɗi mai ƙyalli. Ni ba ni da abin yi cikin taron mata, ƙanƙara aka aike ni in sayo. Na shigo da ita a kafaɗa, kaina a sunkuye don kada in haɗa ido da Hajiya (tun da na auri 'yarta ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba).

Da na zo inda zan sauke, sai na ga wata babbar roba cike da ruwa shuɗi. Ga kofuna ana ta rabawa. Ga yara da shi a hannu, ga tsofaffi.

Na tambayi wata daga cikin ƙawayen amarya, "Mene ne wannan?"

"Zoɓon amarya ne. Ba ka gane shi ba? Ai furen gidanku ne."

Ƙanƙarar ta suɓuce ta faɗi a kan babban yatsan ƙafata, ban ma ji zafi ba sai washegari. Na waiga ina neman Balki. Ga ta can a tsakiyar mata, da cikinta a gaba, ta riƙe kofin gilashi a sama. Ta ɗauki lemun tsami ta matsa a ciki. A kan idona ruwan ya juya, shuɗin ya koma ruwan hoda mai duhu, kamar wani abu mai rai ya motsa a cikinsa. Mata suka rangaɗa guɗa. Ta ɗaga kofin sama.

Ban san lokacin da na tsallake tabarmi da ƙafafun mutane ba. Na doke kofin daga hannunta ya tarwatse. Na juyo na sa ƙafa na ture robar, ruwan ya malale ya bi ƙarƙashin mata, ya jiƙe farar shaddar Hajiya har gwiwa. Na fizge mikro daga hannun zabiya tana tsakiyar kirarin uwar ango.

"Kada kowa ya ƙara sha! Guba ce! Uranium ne! Wanda ya sha ya amayar!"

Ka san garin da muke ciki. A wani gari da dariya za a yi, a ce mijin yaya ya zautu. A Arlit ba wanda ya yi dariya. Nan take wuri ya fashe. Uwaye suka riƙa fizge kofuna daga hannun 'ya'yansu, wata ta sa wa ɗanta yatsa a maƙogwaro, wata tsohuwa ta zauna daɓas tana salati. Tsoron da na gani a fuskokin nan na gaske ne, shi ne kuma abin da ya fi damuna in na tuna.

Ni kuwa bakina ya ɓalle, ya ƙi tsayawa. Na faɗi komai. Na ce tanon gidana ba na man girki ba ne, daga wurin tsohon ƙarfe na saye shi, da lambobin ma'aikata a jikinsa, ni na goge su da yashi. Na ce ni ke tsinke fure, akuya ba ta da laifi. Duk wannan ta lasifika, har bakin titi. Sai idona ya sauka a kan wata dattijuwa cikin dangin ango, hannayenta da wuyanta sun yi shuɗi. Na nuna ta da yatsa na yi ihu, "Ku duba! Har ya fara fitowa a jikinta!"

Matar ta dubi hannunta, ta dube ni, ta ce a hankali, "Ɗana, wannan turkuɗi ne. Tun kafin a haife ka yake zuba a jikina."

A nan ne labulen ɗakin Hajiya ya ɗaga. Amarya ce. Amaryar da aka lulluɓe tun safe, wadda ba a son a ji ko tarinta ranar nan, ta fito tsakar gida da lalle a ƙafa, ƙawaye na jan mayafinta tana fizgewa. Ta yaye lulluɓin, ta miƙo mini hannu.

"Anjiniya, ba ni mikron nan."

Na ba ta.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku, ba wanda zai mutu. Inna, ki bar yaron nan haka, kada ki ji masa ciwo. Irin furen nan daga Yamai na zo da shi, can ma shuɗi yake fitowa, kuma babu rami a Yamai. Haka Allah ya halicce shi. A wasu ƙasashe shayinsa ake sha, har shinkafa ake rinawa da shi."

Ta sunkuya ta ɗauki wani kofi da ya tsira, ta shanye a gaban kowa, ta goge baki.

Da na yi shiru a nan, da da sauƙi. Amma na ce, "To wane irin wake ne zai yi shuɗin fure in ba a taɓa shi ba? Kuma me ya sa ya juya launi yanzu a gabanmu?"

"Yauwa, ka tambaya a ƙarshe. Da ka yi tun watannin baya, da shaddar Hajiya ta tsira." Mata suka fara ƙunshe dariya. "Ka san jan da ke cikin zoɓo? To launin da ke cikin furen nan danginsa ne, gidansu ɗaya. Bambancin, a cikin wannan furen akwai wasu ƙananan ma'aikata da ido ba ya gani, anzim ake ce musu. Kai da ka yi aikin ma'adini, dutse ba toka-toka yake shiga uzin inda ake tace shi ba, ya bi hannu-hannu, ya fito gari rawaya?"

Na gyaɗa kai kamar ɗan lakwal.

"To haka nan. Anzim na farko ya ɗan ƙara wa launin wani abu, ya karkato da shi wajen shuɗi. Wani ya zo ya liƙa masa sukari. Wani ya ɗaura wasu 'yan guntaye a jikin sukarin, su kuma su naɗo su rufe launin sama da ƙasa, su tsare shi kada ya lalace, sai ya zauna a shuɗinsa. Furanni da yawa ba su da waɗannan ma'aikatan gaba ɗaya, shi ya sa shuɗin fure ke da wuyar gani, shi ya sa ba ka taɓa ganinsa a gonarku ba. Lemu kuma tsaminsa ne ke taɓa launin ya koma wajen ja. Ba aljani, ba uranium. Anzim ne, Anjiniya. Ce anzim."

Wallahi na ce. Mikron na kusa da bakina, duk titi ya ji. Dariyar da ta tashi a gidan nan har da masu hawaye, har da waɗanda suka gama amai yanzu. Zabiya ta karɓi kayanta, nan take ta sa ni a waƙa.

Na ɗauka iyakar kunyar ke nan, ashe da sauranta. Balki ba ta yi dariya ba. Ta matso kusa da ni, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba ta bukatar lasifika.

"Ni ko kurɓa ban yi ba. Ungozoma ta hana ni shan duk wani ganyen da ba ta sani ba, nuna musu kawai nake yi. Amma tsaya in tambaye ka. Watannin nan duka, kana zaton ruwan tanon nan guba ne?"

Na ce e.

"Kana kallona ina wanki da shi, da cikin nan, ka yi shiru?"

Na buɗe baki in ce ai na huda shi da ƙusa. Na ji yadda maganar za ta fito, na mayar da ita. Ta juya ta shige ɗakin mahaifiyarta. A ranar ba ta koma gida ba.

Maza sun riga sun cika ƙofar gida. Cikinsu akwai kawun ango, Gumar, wani dattijo da ya taɓa zama shugaban ayarinmu a rami. Ya ja ni gefe, ya gyara rawaninsa.

"Tsoronka ba wauta ba ne," in ji shi. "Ƙarfen da ba a san asalinsa ba abin tsoro ne a garin nan. Amma me muka koya muku a ƙasa? Abin nan ba shi da launi, ba shi da wari. Da tanonka na da shi, furen ba zai gaya maka ba. Na'ura ce ke faɗa. Gobe zan aro ta in zo."

Sai a lokacin na gane ba a gama ba. Furen ya fita daga zargi, tanon bai fita ba. Washegari da hantsi Gumar ya zo da na'urar, Balki ta biyo shi ita da Hajiya, suka tsaya daga bakin ƙofa. Ya kunna, ya fara aunawa a titi, tana ɗan ƙas, ƙas, jefi-jefi. Ya shigo ya kanga ta a jikin tano. Na matso ina kallo. Ya bi gefe, ya bi gindi inda na goge lambobi, ya sa aka kwashe ruwan ya zura ta ciki. Ya auna ƙasar gindin waken, ya auna inda Balki ke zama in tana wanki.

Ya miƙe ya kashe ta. "Daidai da titi. Ba komai. Allah ya rufa maka asiri, ba wayonka ba."

Na zauna a ƙasa. Hajiya ta yi hamdala, sannan ta yi mini magana kai tsaye, karo na farko tun da na zama surukinta. Ta ce shaddarta na jirana, tunda an ce ina neman aikin wanki. Na wanke ta da hannuna a tsakar gida, matar maƙwabta na leƙe ta katanga, akuyarta na gefe tana tuƙa. Na kai wa akuyar dusa a matsayin ban-haƙuri. Tanon kuma duk da haka Balki ta ce ba ta son ganinsa, na fitar da shi. Ta dawo gida, amma ta daɗe kafin ta sake tambayata ina na samo wani abu ta yarda da amsar farko.

Da lokaci ya yi ta sauka lafiya, mace. Aka miƙo mini ita a cikin zane, na yi mata kiran salla a kunne, sannan (ba zan ɓoye ba) na ɗan buɗe zanen na duba tafin hannunta da ƙafarta. Fassuma na tsaye a kaina, ta kama ni.

"Ya aka yi, Anzim? Wane launi ka samu?"

"Irin na ubanta."

"Kaico. Ka ga inda ƙananan ma'aikatan launin nan suka yi sakaci."

Waken na nan a katanga, ya ma haura gidan maƙwabta. Yanzu da safe ina ɗaukar yarinyar in nuna mata furannin, wani lokaci in sha shayinsu da lemu in kalli yadda yake juyawa. Abin da na koya ba mai yawa ba ne. In tsoro ya kama ka a kan iyalinka, faɗa wa matarka a ɗaki tun yana ƙarami, ta yi maka faɗan ku biyu. In ka ɓoye shi, zai fito da kansa, kuma ranar da zai fito akwai lasifika.